Jan Tabo a Cinyar Hagu

Labarin shekarar da mahaifinku ya kwanta na ji shi a bakinku iri biyu, kuma ko ɗaya bai yi mini ba. Masu cewa gem ɗin, wato wasan talabijin ɗin nan da yayanku Abba ya sayo, ne ya warkar da Alhaji sun yi wa gem ɗin alfarmar da bai cancanta ba, don ni da na zauna na kalle shi da idona na san kurakurai ne cike da cikinsa. Masu cewa kuma Abba ya zo ne ya kwashi ubansa kamar kayan ɗaki, su ma sun zalunce shi. Ina cikin falon a ranar, ni ce kuma na ɗaga murya, saboda haka ku bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina iya tunawa.

Dole in fara da wanki, don ta nan na san wasan kurket. Lokacin da aka kawo ni gidan mahaifinku ko sunan wasan ban taɓa ji ba. Shi kuwa tun a sakandare wani malaminsu ɗan Indiya ya koya musu, abin ya shiga jininsa. Yana ƙaramin ma'aikacin gwamnati, muna haya a Doka, amma duk Asabar sai ya sa farar riga da farin wando ya hau keke ya tafi fili. Sau ɗaya ya kai ni kallo. Abin da na gani shi ne mutum ya rugo da gudu ya jefa wata jar ƙwallo mai taurin tsiya, wani yana tsaye gaban sanduna uku da faffaɗan katako yana dukanta, sauran jama'a sun bazu a fili suna jiran ta zo wajensu. Tun hantsi har bayan la'asar ana abu ɗaya. Na yi gyangyaɗi har sau biyu, ban sake zuwa ba. Mahaifinku mai jifa ne, kuma kafin kowace jifa sai ya goga ƙwallon a cinyarsa ta dama. Idan ya dawo, wandon nan fari fat sai ka ga jan tabo shimfiɗe daga ƙugu zuwa gwiwa. Na jiƙa, na cuɗa, na sa bula, na shanya a rana, tabon sai dai ya koma ruwan hoda ya zauna abinsa. Wata rana na gaji na tare shi da wandon a hannuna.

"Malam, wai ba a sayar da tsumma ne a garin nan?"

Ya yi dariya ya ce, "Ba ƙazanta ba ce, aikin ke nan. Gefe ɗaya ake gogewa ya yi ta sheƙi, a bar ɗaya gefen ya tsufa. In na jefa ta sai ta karkace a iska, mai duka ya zaci nan za ta, ta bi can."

"Ni dai abin da na sani, hannuna ne ke tsufa."

Haka muka yi ta wannan faɗan shekara da shekaru, har muka gina gidanmu na Unguwar Dosa, har gwiwoyinsa suka ƙi gudu ya koma alƙalin wasa. Wanki ya yi sauƙi, amma sai falo ya zama fili. Ku manyan kun tuna yadda yake tsayawa gaban madubi yana ɗaga yatsa, yana miƙe hannu, yana ware hannuwa biyu, kuna bin bayansa kuna kwaikwayo. Dokokin wasan nan ya san su kamar sunayen 'ya'yansa, kuma bai taɓa yarda a yi musu kwana ba. A ofis ma haka aka san shi, mutum ne da in ya ga kuskure ba ya iya haɗiye shi.

Shekarar da nake ba ku labari, farkon damina ne, yana alwalar azahar a tsakar gida sai na ji buta ta faɗi. Na leƙo na tarar da shi a jingine da bango, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bayan makonni a asibiti muka dawo gida da shi a keken marasa lafiya, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma ta tafi gaba ɗaya, in ban da kalma ɗaya da ta rage masa, ita ce "to". Za ka ci tuwo, to. Ba za ka ci ba, to. An ba shi biro a hannun hagu, ya yi ta zane marar kan gado har ya jefar. Likita ya gaya mana gaskiya, ya ce magana ta tafi, wannan kowa ya gani, amma ko yana fahimtar abin da ake faɗa, da kuma iya nawa yake fahimta, sai a hankali za a gane. Wannan "a hankali" ita ce ta kusa kashe ni. Da farko masu dubiya suna durƙusawa su gaishe shi. Da tafiya ta yi tafiya sai suka koma gaishe ni a kansa, su ce, "Hajiya, ya mai jiki?" alhali mai jikin yana zaune a gabansu ido buɗe. Ni kaina akwai ranakun da nakan dubi idonsa in rasa ko Alhaji ne a ciki ko kuwa ni ce nake son in ga haka.

Abba yana Abuja da iyalinsa. Ga jikokin da ba su sani ba, shi ne ɗan farina, kuma sunan kakanku na wajen uba aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Abba. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Tun da na haife shi ban taɓa furta sunansa na yanka ba, ko Abban ma ba kasafai nake faɗa ba, sai dai in ce "yayanku" ko "na Abuja". Ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ido cikin ido ba, in ina da saƙo ta bakin ubansa yake bi. To ga uban ya yi shiru, aka bar ni da ɗan da ban san yadda ake musu da shi ba. Yaro ne mai tausayi, duk ƙarshen wata yana kan hanya, kuma kowane zuwa sai ya ga na ƙara ramewa. Sai ya yanke shawara ya gyara ɗaki a gidansa, ya samo mai jinya, ya ce zai tafi da mu. Na ce Alhaji ya sha faɗa da bakinsa cewa daga gidan nan za a fitar da shi, ga masallacin da ya saba a ƙofar gida, ga mangwaron da ya dasa da hannunsa. Abba ya sunkuyar da kai, a gaban uban, ya yi maganar da har yau take yi masa ciwo.

"Umma, Baban da ya faɗi haka ai ya riga ya tafi. Yanzu da Kaduna da Abuja duk ɗaya ne a wurinsa. Ke nake ji wa tsoro."

Ya juya ya ce, "Baba, mu tafi Abuja?"

"To."

"Ko mu zauna a nan?"

"To."

Ya dube ni. Aka tsayar da magana a kan zai zo ƙarshen wata ya ɗauke mu.

Ya iso ranar Juma'a da wani kwali a hannu. Wai ya yi tunanin abin da zai riƙa ɗebe wa Baba kewa a can, sai ya tuna da kurket, ya sa aka nemo masa gem ɗinsa, irin wanda ake jona wa talabijin ana dannawa da hannu biyu. Ranar Asabar da hantsi ya haɗa wayoyi, ya turo keken Alhaji gaban talabijin, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ya fara bugawa. Ni ma na zauna da farantin wake ina tsincewa. Gaskiya da farko abin ya burge ni, ga fili kore shar, ga mutane kamar ka kira su su amsa. Amma mai wanki idonta a kan tufafi yake. Na ga wani ya yi tsalle ya faɗi ya ja ciki a kan ciyawa, ya tashi rigarsa fes kamar yanzu aka sauke ta daga guga. Na ce a raina, wannan matarsa ta huta. Can na lura 'yan kallon ma mutum ɗaya ne mai jar hula aka yi ta maimaitawa, yana gabas yana yamma, kuma duk tare suke tafi tare suke dainawa.

Ban gama wannan kallon ba na ji Alhaji ya fara gurnani. Ya bugi hannun keken da tafinsa na hagu. Aka yi wata jifa, ya sake bugawa. Fuskarsa ta haɗe, numfashinsa ya ƙaru, yana ta "to, to, to" da ƙarfi irin wanda bai taɓa yi ba tun da ya kwanta. Abba ya tsorata ya kashe talabijin.

"Kin gani ko, Umma? Abin da ya fi so a duniya, yau shi ke firgita shi. Bai ma gane mene ne ba."

Ni kuwa ba fuskarsa nake kallo ba, hannunsa nake kallo. Ya dunƙule yatsunsa kamar mai riƙe da lemo, yana goga su a cinyarsa ta hagu, sama da ƙasa, sama da ƙasa, sannan ya nuna talabijin, ya sake gogawa. Farantin waken ya kusa suɓuce mini. Wannan gugar na san ta fiye da kowa a duniya, ni na wanke abin da ta bari. Na ce, ba tare da na dubi Abba ba, "Ba firgita ya yi ba. Faɗa yake yi. Yana tambaya ne me ya sa ba sa goge ƙwallon."

Abba ya yi murmushin da ake yi wa wanda ake tausayi. Ya ce mai yi masa gashi ya faɗa cewa masu irin wannan ciwo sukan riƙa shafa jikinsu haka kawai. Ya ce in yi haƙuri in ƙarasa haɗa kaya, gobe da wuri za a kama hanya don a isa da rana.

Na shiga ɗaki na rasa inda zan sa kaina. Idan na yi kuskure, na hana bawan Allah jinyar da ta fi wadda nake iya yi masa. Idan kuma na yi daidai, to za a ɗauki mutum da hankalinsa a fitar da shi daga gidansa yana ji yana gani, ba shi da bakin cewa a'a. Ni ban san kurket ba balle in kafa hujja. Sai na tuna da Mista Bitrus. Shi ne yake tsugunawa bayan sandunan nan uku yana cafe jifar mahaifinku tun suna samari. Da a Malali yake, maƙwabcinmu na kusa, daga baya da zaman gari ya canza ya koma ƙetaren kogi. Ya zo asibiti sau ɗaya, ya ga abokinsa, ya fita waje ya yi kuka, bai sake iya dawowa ba. Na kira shi a waya na faɗa masa abin da na gani.

Ya ce, "Hajiya, da wane hannu ya goga?"

"Da hagu. Shi kaɗai ya rage masa."

"Gobe in an tashi daga coci ina zuwa. Kar ki bari a tafi da abokina Sule."

Faɗar haka a waya ba wuya. Da safe Abba ya loda kaya a mota, ya naɗe katifar Alhaji, ya kwashe magunguna. Na aika ƙanwarsa Hadiza, wadda ta zo daga Doka yi mana sallama, ta ce masa a ɗan jira baƙo. Ya ce hanya ba ta jira, a gaishe da Baba Bitrus, za su yi waya. Ya kama keken ya fara turawa. Ina tsaye a ƙofar kicin na ga sun wuce falo, sun sauka baranda, sun kai gindin mangwaro. Alhaji ya miƙa hannun hagu ya kama wani reshe da ya sunkuyo, Abba ya ɓamɓare yatsun a hankali, yana cewa, "Yi haƙuri Baba, za ka ji ciwo." A nan ne na kira shi da sunansa na yanka.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, sau ɗaya na faɗe shi a rayuwata kuma ya isa. Hadiza ta dafe ƙirji. Abba ya tsaya cak, ya juyo yana dubana kamar bai taɓa ganina ba. Na dube shi ido cikin ido.

"Mayar da ubanka falo. In Bitrus ya zo ya ce ni ce na ruɗe, da hannuna zan tura keken nan zuwa mota. Kafin nan ba inda za shi."

Ya juya keken.

Mista Bitrus ya iso wajen azahar a Keke Napep, da kwat ɗinsa ta coci da sandarsa. Bai gaishe ni a kan Alhaji ba. Kai tsaye ya je gabansa ya ce, "Sule, ka ga yadda ka tsufa? Ni kuwa ina nan yaro." Alhaji ya ce "to", amma ya riƙe hannunsa bai saki ba. Muka yi salla, Bitrus yana zaune yana shan zoɓo, sannan na ce wa Hadiza ta gaya wa yayanta ya kunna abin nasa. Sai kuma na tuna ai na riga na fasa wannan kunyar, na faɗa masa da kaina. Muka shirya cewa Bitrus ba zai yi magana ba sai Alhaji ya fara bugun keke, don kada a ce shi yake ja masa hanya.

Ba a daɗe ba aka ji bugu. Bitrus ya kwashe da dariya.

"Ƙwarai kuwa! Abba, dubi ƙwallon nan. Allon ya nuna an wuni ana dukanta, amma tana sheƙi kamar yanzu aka ciro ta daga takarda. Ƙwallo tana tsufa, ɗana. Tana laushi, ɗinkinta yana kwanciya, tashinta yana canzawa. Wannan kuwa ba ta san wahala ba."

Alhaji ya goga hannu a cinya. Bitrus ya ce, "Na gani, Sule, ba mai gogewa. Amma ga ta tana karkacewa a iska. Da me take karkacewa? Da addu'a?"

Aka ci gaba. Masu duka biyu suna gudu suka haɗu a tsakiya, maimakon su yi karo sai ɗaya ya ratsa ta cikin ɗaya ya wuce kamar aljani. Bugu. Wani mai tsaron fili ya juya wa ƙwallo baya, sai ga ta a tafin hannunsa. Bugu. Mai jifa ɗaya ya yi ta jifa ba a canza shi ba, ba gumi ba haki, ƙarfinsa na farko shi ne na ƙarshe. Bugu biyu, har da tsaki, wanda ban san Alhaji yana iya yi ba. Bitrus ya ce shi da Sule in suka yi rabin haka a rana irin ta Kaduna sai an kwashe su a tabarma. Ya ƙara da nasa, wai inuwar mutanen tun safe tana wuri ɗaya, ranar garinsu ba ta tafiya. Hadiza tana dariya tana share hawaye. Ni dai Abba nake satar kallo. Ya daina murmushin tausayin nan, amma bai sallama ba. Ya ce a hankali, "Baba Bitrus, kusan kowace jifa yana bugawa. Kai kuma duk inda ka duba za ka sami abin faɗa. Wannan ba hujja ba ce."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji zafinta. Ya ce bari ya karɓi ɓangaren masu jifa, ya jera masu tsaron fili da kansa, a yi wasa mai tsabta a gani. Ya danna ya danna, ya tura mutanensa nan da can yadda ya ga dama, don shi ma kurket ɗin bai wuce na kallon ubansa ba. Aka yi jifa lafiya lau, mai duka ya tare, ba wanda ya ratsa wani. Alhaji bai bugi keke ba. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu ya miƙe shi gefe, sambal, daidai kafaɗa, ya riƙe shi a haka yana rawa. Hadiza ta tashi za ta miƙa masa ruwa. Bitrus ya ce ta zauna.

"Wannan alamar alƙali ce. Yana cewa jifar ba ta halatta ba."

Ya sa Abba ya maimaita hoton. Ya duba ƙafar mai jifa, tana bayan layi. Ya duba hannunsa, bai lanƙwasa ba. Aka sake maimaitawa. Bitrus ya cire tabarau ya goge ya mayar, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ban ga laifi ba, Sule. Jifar nan daidai take."

Na tuna na yi alkawari da bakina, kuma mota tana waje da kaya a ciki. Abba ya ajiye abin dannawar a hankali, bai ko dube ni ba, kuma na gode masa da bai duba ba. Amma hannun Alhaji bai sauka ba. Da ya gaji sai ya sauke shi, ya nuna kusurwar talabijin ta ƙasa, ya bugi keke sau uku a rarrabe, ya sake miƙe hannun. Bitrus ya tashi da sandarsa ya je har gaban gilashin, hancinsa ya kusa taɓawa. Ya sa yatsa yana ƙirga mutanen da ke tsaye a bayan mai duka ta wajen ƙafafunsa.

"Ɗaya. Biyu." Ya tsaya. "Uku. Kai! Kai, Sule!"

Ya juyo yana buga sanda a ƙasa. "Abba, doka ta ce mutum biyu kaɗai ake yarda su tsaya a wannan kusurwar. Kai ka tura uku, gem ɗin ya ƙyale ka, alƙalinsa yana tsaye kamar turmi. Ni da na yi shekaru a bayan sanduna ban gani ba, ina can ina kallon ƙafa. Ubanka ya gani tun kafin a jefa!"

Abba ya ɗauki abin dannawar, ya janye mutum ɗaya daga kusurwar ya kai shi wani wuri. Aka sake jifa. Dukanmu Alhaji muke kallo. Hannunsa yana kan cinyarsa bai motsa ba. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ce, "To." Wallahi wannan "to" ɗin daban take da duk waɗanda ya yi a watannin nan, ko kuwa mu ne sai a ranar muka iya ji.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wani nauyi da na ɗauka tun ranar da buta ta faɗi na ji an sauke mini shi, na yi ta hamdala ina kuka ba kunyar kowa. Mijina yana nan. Duk watannin nan yana nan, da dokokinsa da faɗansa da komai.

Abin da ya zama sauƙi gare ni shi ya zama nauyi ga yayanku, kuma wannan ne nake so ku fahimta. A take ya gane cewa duk abin da ya faɗa a gaban keken nan an ji shi, har da cewa Baba ya riga ya tafi. Ya durƙusa ya kifa kansa a gwiwar uban. Alhaji ya ɗora masa hannu a ka. Bayan la'asar ya sauke kayanmu daga mota shi kaɗai, ya hana kowa taya shi, ya shimfiɗa katifar inda take, ya kwana, da safe ya tafi. Daga nan muka yi watanni ba mu gan shi ba. Yana aiko da magani, yana kiran Hadiza ya tambayi jiki, amma ni ba ya kirana, gidan kuma ba ya zuwa. Wasunku sun ce fushi yake yi don na kira sunansa a gaban ƙanwarsa. Ba fushi ba ne, kunya ce, ni na haife shi na sani. Na yi kewarsa ƙwarai, kuma ban san hanyar da zan bi in ce masa ya dawo ba, don tsakanina da shi ba a saba ba. Jinya kuma ba ta ragu ba, bayana har yau yana tuna mini da ɗaga Alhaji. Wannan shi ne abin da zaman ya ci mini, kuma ko yau aka sake ba ni zaɓi haka zan yi.

Gem ɗin dai ya zauna. Hadiza ta gano yadda ake sa shi ya riƙa buga kansa da kansa, Mista Bitrus kuma ya mayar da Lahadi ranar zuwa. Su zauna su biyu suna kama gem ɗin da laifi, ɗaya da baki ɗaya da hannu, ina jiyo su daga kicin. Masu dubiya suka koma durƙusawa suna gaishe shi, don labari ya zaga unguwa cewa Alhaji yana ji. A hankali wasu kalmomi suka dawo, ba da yawa ba, kuma ta farko da ta biyo bayan "to" ita ce "a'a". Na ce madalla, mai gidan ya dawo sosai. Shi ya sa nake cewa ba gem ne ya warkar da shi ba, bai ma warke ba, yana nan a kekensa. Abin da gem ya yi kawai shi ne ya yi kuskure a gaban mutumin da ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru. Da waɗanda suka ƙera shi sun iya aikinsu, da Alhaji ya zauna ya kalla shiru, da yanzu wani labarin nake rubuta muku.

Abba ya dawo da Babbar Salla. Ya shigo da sallama, ya gaishe ni kansa a ƙasa, na amsa ina kallon gefe kamar yadda muka saba, kowa ya koma wurinsa, muka huta. Sannan ya je gaban uban ya ciro wani ɗan ƙunshi daga aljihu ya sa masa a tafin hagu. Sabuwar ƙwallon kurket ce, ja wur, ta gaske. Alhaji ya juya ta, ya laluba ɗinkin da babban yatsa, ya kai ta hanci ya shinshina. Sai ya zaɓi gefe ɗaya ya fara gogawa, a jikin sabuwar farar shaddar da na sa aka ɗinka masa ta Salla. Hadiza ta ce, "Wayyo Baba, shaddar!" Na ce ta bar shi.

Washegari da na zo wanki na ɗaga wandon, ga shi nan shimfiɗe daga ƙugu zuwa gwiwa, a cinyar hagu wannan karon. Na daɗe a tsaye da shi a hannuna. Na wanke rigar, na wanke hular, wandon kuwa na ninke shi yadda yake na sa a ƙasan akwatina. In kun zo rabon kayana za ku gan shi, kada wata mai tsabta a cikinku ta ce za ta jiƙa shi.